Kumfa a Ƙarƙashin Busasshen Ganye

Da mijina ya rasu, cikin duk abin da ya bari, kifaye biyu ne kaɗai ba wanda ya ɗaga ido ya kalla. Shekara bakwai muka yi a unguwar Yelwa cikin Jalingo, a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, Allah bai ba mu haihuwa ba. Littattafansa yayansa ya ce shi zai kwashe. Babur ɗin ma tun ba a yi sadakar uku ba na ji ana maganarsa ƙasa-ƙasa a ƙofar gida. Kifin kuwa ko tambaya ba a yi ba. Ban ga laifin kowa ba, don ni kaina da yana raye ban taɓa ɗaukar su a bakin komai ba, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kan haka.

Malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, kowa Malam yake ce masa, har ni. Wani kwas ya je Legas, a 'yan shekarun nan da aka mayar da garinmu babban birnin jiha, ya dawo da kifin a ƙulle cikin leda, ya riƙe ledar a cinya tun daga can har gida. Kifin faɗa ake ce musu. Tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Namijin ja wur, da jela baza-baza, macen kuwa ba wani kyau gare ta ba, launinta ƙasa-ƙasa. Ba a haɗa maza biyu wuri ɗaya, sai ɗaya ya ga bayan ɗaya. Mace ma ba a barin ta da namiji sai in ƙwai ake so. Haka Malam ya cika mini falo da kwalabe, kowane kifi da tasa, ga kuma akwatin gilashi guda ɗaya da yake kira ɗakin aure.

Sati uku muka yi a asibiti kafin rai ya yi halinsa. Ba wanda ya tuna da kifi. Da na dawo gida, kwalabe tara duk ruwansu ya ruɓe, biyu ne kawai ke motsi, namiji ɗaya da mace ɗaya, jikokin waɗanda aka zo da su daga Legas. Na sha ji yana faɗa cewa ba sa daɗewa a duniya, shekara biyu ne ko uku, namijin nan kuwa ya kusa biyu. A duk faɗin Jalingo ba inda ake sayar da irinsu. In ba su yi ƙwai ba kafin ya mutu, shi ke nan, abin da Malam ya yi shekaru yana renonsa ya ƙare a hannuna.

Abin da na sani game da ƙwansu kaɗan ne, shi ma da gefen kunne na ji. Namijin ne ke gina sheƙa. Da bakinsa yake hura kumfa, ƙwaya-ƙwaya, ya tara ta a saman ruwa, a cikinta ake ajiye ƙwai. Amma kumfa a fili ba ta tsayawa, iska kaɗan ta fasa ta. Sai an ba shi wani abu mai yawo a kan ruwa da zai yi gini a ƙarƙashinsa. Na tuna Malam ganye yake sa masa, busasshe, mai faɗi, wanda ke mayar da ruwan kamar shayi ba madara. Nakan wuce in ce, "Malam, shayinka ya huce." Ya yi dariya ya ce, "Zo ki ga abin mamaki." In ce tuwona na kan wuta. Shekara da shekaru ke nan, ban taɓa tsayawa na tambaye shi ganyen wace bishiya ba ne.

Yana da buhunsa guda a bayan ƙofa. Na je ɗauka na tarar wayam.

Goggo ce ta kwashe. Ƙanwar mahaifina ce, daga Mutum Biyu ta zo don ta zauna da ni har in fita takaba. Shekara talatin ta yi tana tallar nono, kuma duk wanda ya san ta ya san ta da tsabta. In ka ajiye cokali ka juya, kafin ka waiwayo ta wanke shi. Na ce, "Goggo, ina buhun da ke nan?" Ta ce, "Na shara? Ai da shi na hura wutar abincin baƙi. Ya kama kuwa da kyau." Ta faɗa tana murmushi, wai ta yi abin kirki. Na haɗiye abin da ya taso mini, don ba ta sani ba, kuma gidan cike yake da 'yan gaisuwa.

To ga ni cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Da ƙafata ce, da na bi bishiyoyin garin nan ɗaya bayan ɗaya har sai na gane ganyen. Amma ina! Dole sai dai in aika, kuma Goggo ce kaɗai ɗan aiken da nake da shi.

Na kwatanta mata iyakar iyawata. Mai faɗi ne, na ce, kamar tafin hannu biyu, busasshe, ja-ja. Ta tafi kasuwa ta dawo mini da ganyen ayaba ɗanye shar, ta wanke shi, ta goge, ta naɗe kamar za ta ƙulla alala. Na ce, "Goggo, busasshe na ce." Ta ce, "Busasshe ai shara ne. Ga mai kyau." Don kada a ce na raina, na yanka na ɗora a kan ruwan akwatin gilashin, inda na sa namijin. Kwana biyu ya yi laushi, ya fara yauƙi, ruwan ya ɗauki wari. Namijin ya koma lungu ya naɗe jela. Na kwashe, na sake ruwa daga rijiya, raina a ɓace.

Sai na tsinci ganyen mangwaro da iska ta jefo tsakar gida. Siriri ne, ya kwana ɗaya ya nutse. Na gwada murfin roba. Namijin ya je ya shinshina, ya hura 'yar kumfa biyar ko shida a gefensa, ya watsar. Goggo ta sake fita, wannan karon har bakin kogi, ta dawo da kainuwa cikin bokiti, tana cewa kifi ai abin kogi ya sani. A nan kam na ga kamar tana da gaskiya. Kainuwa tana yawo a kan ruwa, ga saiwa, ga inuwa. Ashe da baƙinta ta zo. Washegari na ga wani ƙwaro mai kama da kunama yana rarrafe a cikin saiwar, ga wasu 'yan tsutsotsi baƙaƙe manne da gilashi. Na yi salati, na tsamo kifin da kofi, na watsar da kainuwar bayan katanga. Kwana ashirin da wani abu sun tafi a haka, jelar namijin kuma ta fara koɗewa a gefe-gefe.

Wallahi a kwanakin nan har Malam na ji haushi. Mutum da ya rubuta komai, har ranar da ya sake wa babur taya, amma sunan ganye ɗaya bai rubuta ba. Na juye littattafansa kaf, ba komai. Ya ɗauka yana nan kullum. Ni ma haka na ɗauka.

Maƙwabciyata ce ta warware mini. Dattijuwa ce 'yar Mumuye, tana zuwa coci, kuma ita ke share harabar makarantar da Malam ya koyar. Ta shigo gaisuwa da 'yar doyarta, ta same ni zaune gaban akwatin gilashi na yi tagumi. Na ba ta labari, ba don ina sa rai da komai ba. Sai ta tafa hannu.

"Ayya, matar Malam! Ganye na furut ne. Wanda yake bayan ofis."

Bishiyar nan take nufi mai rassa hawa-hawa kamar lema, wadda 'yan makaranta ke fasa ƙwallonta da dutse su ci, suke ce mata furut.

Ta ce, "Kullum ni ina zuwa shara, Malam ya riga ni. Yana ɗauka wanda ya faɗi da kansa, wanda ya yi ja. Ba ya tsinka na sama. Ni ina cewa a zuciya, wannan Malam karatu ya yi masa yawa."

Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar, dariyar kuma ta juye kuka. Washegari da hantsi ta kawo mini cike da zani. Ina ganin su na gane. Su ne, masu kauri kamar fata, ja mai duhu, da ƙamshin nan da falona ya saba da shi.

Na zaɓi mafi faɗi wanda ba huji, na ɗauraye shi da ruwa zalla, na kifa shi a kan ruwan yadda tsakiyarsa ta ɗan yi tudu. Bai nutse ba, bai ruɓe ba. Zuwa kwana biyu ruwan ya yi shayi. Namijin ya warware jela, janta ya dawo, ya shiga ƙarƙashin ganyen ya kama aiki. Ya ɗago baki ya ɗauki iska, ya koma ya tofa ƙwaya ɗaya, ya sake. Wuni guda cur yana yi. Kafin magariba kumfa ta taru fari fat, har ta ɗan ɗaga ganyen. Na ciyar da su tsutsar sauro da nake tsamowa daga wata tsohuwar randa, macen ta yi ciki ɓul-ɓul.

Goggo ta leƙo ta yamutsa fuska. Ta ce, "Ruwan nan ya lalace. Ga kumfa, ga ruɓaɓɓen ganye." Na ce, "Goggo, haka ake so. Kumfar ɗakinsa ce. Don Allah kada ki taɓa." Ta ce, "To." Ni kuwa na san irin wannan "to" ɗin nata, amma na yi sakaci.

Saura kwana biyu a yi sadakar arba'in na sa macen cikin akwatin wurin namijin. Ya kore ta, ya cije ta, ta ɓuya, har na kusa tsamo ta don tausayi. Can sai ta biyo shi da kanta ƙarƙashin ganyen. Ya naɗe ta da jikinsa, ƙwai suka zubo farare, ƙanana fiye da ƙwayar gero. Ya sake ta ya bi su ƙasa, ya tsince su ɗaya-ɗaya da baki, ya hau ya cusa su cikin kumfa. Abin da Malam ya yi ta kira na in gani ke nan. Na gani, ni kaɗai, a durƙushe a kan siminti. Da suka gama na mayar da macen kwalbarta, don na tuna yana cewa daga nan namijin ba ya ƙaunar ganin kowa kusa da ƙwansa.

Ranar arba'in da safe, bayan rana ta fito, na duba. Sun ƙyanƙyashe. Sai ka sa ido sosai za ka gan su, 'yan siraran jela kamar gashin ido suna reto daga cikin kumfa. In ɗaya ya faɗo, uban ya cafe shi ya mayar. Na ƙirga har talatin na rasa inda nake. Na ce alhamdu lillahi, Malam, ga su nan.

Daga nan gida ya fara cika. Aka zaunar da ni a ɗakin ciki da mata, ana shigowa ana gaisuwa, ina amsawa da kai a sunkuye. A falo za a shimfiɗa wa dattawan dangin Malam tabarma. Ina jin Goggo tana kai da kawo, tana shara, tana jan kujeru, ban kawo komai a raina ba. Wajen awa biyu ban motsa ba.

Da na samu sarari na fito in sha ruwa, sai na leƙa falo.

Akwatin gilashin yana walƙiya. Ruwa garau, kamar a sha. Ba ganye, ba kumfa. An wanke tsakuwar ƙasa ta yi fari, an goge gilashin, har an shimfiɗa masa ɗan kyalle mai ado a ƙarƙashi. Ƙamshin sabulu yana tashi. A ciki kuma kifi biyu ne. Macen tana kwance a gefe ɗaya, jelarta a yage, namijin yana kai mata sara.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Na fizgi kofi na tsamo ta, na tsamo shi, na zuba su a kwano biyu da ruwan rijiya. Goggo ta shigo da tsintsiya a hannu.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Wa ya taɓa wannan? Goggo, wa ya aike ki?"

"Ni ce. Manyan mutane za su zauna a nan. Su ga ƙazanta a tsakiyar falo, su ce me? Su ce ina cikin gidan?"

"Ina kumfar?"

"Na kwashe da ludayi na zubar. Sau uku na wanke, da soso."

"'Ya'yan kifin suna ciki! A cikin kumfar suke, Goggo! Ban ce kada ki taɓa ba? Ban faɗa miki ba?"

Ta ce, "Ni ban ga kowa a ciki ba." Ko a jikinta. Sai ta nuna macen da tsintsiya. "Wannan kuma tausayi ta ba ni. An bar ta ita kaɗai a kwalba, ga mijinta a wuri mai faɗi. Na ce bari in kai ta."

Mai takaba ba ta ɗaga murya, kowa ya san wannan, ni ma na sani. Ranar na ɗaga har sai da maza a waje suka yi shiru. Na ce mata tun da ta zo gidan nan ba abin da ta bari da rai. Na ce ta ƙone ganyen, na yi shiru, ta kawo ƙwari, na yi shiru, yanzu kuma ta zubar mini da abu ɗaya tak da ya rage. Na ce tsabtar banza, tsabtar da ba ta jin magana. Ƙanwar ubana, a gaban surukaina. Mata suka riƙe ni suna cewa in yi haƙuri, in ji tsoron Allah, kifi ne fa. Kifi ne fa! Wannan kalmar ta fi komai ƙona mini rai. Na fizge na fita tsakar gida ba mayafi, na durƙusa a bakin kwata da cokali, ina tona ruwan sabulu da ruwan wankin shinkafa. Ban samu ko ɗaya ba. Maƙwabciyata ce ta zo ta ɗaga ni, ta yafa mini zaninta.

Macen ta mutu kafin la'asar. Namijin ya rayu. Na ɗauraye akwatin har sai da warin sabulu ya fita, na mayar da shi, na ɗora masa sabon ganye. Ranar bai kalli ganyen ba. Ƙasa ya yi ta bi, yana ɗaukar ƙananan tsakuwa a baki yana tofarwa, yana neman abin da ba ya nan.

Goggo ba ta tafi ba. Ta ce zaman takaba ta zo, kuma sai ta ga ƙarshensa. Wata uku muka ƙara a gida ɗaya, ina kwana da sannu da aiki ne kawai ke haɗa mu. Dangi suka matsa mini na ba ta haƙuri a kan ɗaga murya, na bayar, don a nan kam na yi laifi. Ita kuwa ba ta taɓa cewa komai a kan nata ba. Na mayar da akwatin ɗakina, na sa kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanina. In ta wuce ta hango ruwan ya sake yin shayi, sai ta girgiza kai ta yi tsaki a hankali, wai don kada in ji.

Sau huɗu namijin ya sake gina sheƙa a ƙarƙashin ganyen, kowace ta fi ta baya kyau. Ya gama, ya tsaya a ƙarƙashi yana jira, kwana biyu, uku, sai kumfar ta watse. Da na fita takaba na bi direbobin Jos da na Legas a tasha ina kwatanta musu mace, mai launin ƙasa, tsawon ɗan yatsa. Wani ya yi mini dariya. Wani bawan Allah ya yi ƙoƙari, ya kawo mini 'yan karfasa biyu a gwangwani. Kafin a samu mai zuwa Legas da zai gane abin da nake nufi, na tashi wata safiya da damina na tarar da namijin a kwance a ƙasan akwatin, jan ya zube. Na naɗe shi a ganyen na binne a gindin katanga.

Bayan shekara huɗu aka aiko mini Goggo ba lafiya, jiki ya yi tsanani. Na hau mota zuwa Mutum Biyu, na isa da azahar. Ɗakinta tsaf, ƙorenta a jere a kife, ita kuma ta rame ta koma ƙashi. Tana neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi, kowa na cewa ya yafe. Da aka zo kaina ta kama hannuna ta ce, "Ɓingel am," wato ɗiyata, da Fulatanci. "Duk abin da na yi miki, ki yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Goggo. Ni ma ki yafe mini."

Ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe, ta ƙara matse mini hannu, ta jawo ni kusa da bakinta.

"Amma fa ruwan nan da datti yake."

Washegari ta cika. Na yi mata wanka da hannuna, na yi kuka kamar kowa. Mutum shida ne a ɗakin suka ji na ce na yafe, kuma ba zan janye ba. Abin da ke cikin raina kuwa ni na sani, kuma yana nan.